Babi na Bakwai: Jirgin Bature da Jirgin Bahaushe

A cikin maganganun azanci na Ingilishi waɗanda suka zama ruwan dare a bakin 'yan boko da shafukan jaridun Nijeriya akwai “in the same boat”. Kalmomi huɗu ne kacal, kuma idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya abin da suke cewa shi ne “a cikin jirgin ruwa guda”. Sai dai da wuya mai faɗinsu ya kasance yana maganar jirgi ko ruwa. Abin da yake nufi shi ne mutum biyu ko fiye sun faɗa cikin matsala iri ɗaya, kuma babu wanda ya fi wani sanin mafita. Malaman makaranta biyu da wata ya yi nisa albashi bai shigo ba, ko manoman albasa biyu da ambaliya ta cinye musu gona a bakin kogin Kwara, idan ɗaya ya kai wa ɗaya kuka, Bature zai ce a jirgi guda suke.

Mutumin ƙasar Yauri ba ya bukatar dogon bayani kafin ya ga hoton da ke cikin wannan magana, domin hoto ne da yake gani duk ranar kasuwa. Jirgi yakan tsaya a bakin kwata a Yelwa ko a Wara, a loda masa buhunan albasa da shinkafa, da kwandunan busasshen kifi, da awaki, wani lokaci har da babura, sannan mutane su shiga su zauna a duk inda wuri ya samu. Muddin jirgin yana ɗaure a gaɓa, kowa da matsayinsa: ga attajiri, ga ɗan dako, ga matar aure da goyo, ga almajiri. Da zarar matuƙi ya tada inji aka yi nisa da tudu, wannan bambanci ya rage amfani. Idan iska ta taso a tsakiyar tafkin Kainji, ko jirgin ya daki kututturen da ruwa ya ɓoye, igiyar ruwa ba ta tambayar wanda ya biya kuɗin fito da sabuwar takarda. Babu mai iya cewa a sauke shi a nan. Abin da ya sami katakon da ke ƙarƙashin ƙafar ɗaya ya sami na ƙarƙashin ƙafar kowa. Wannan rashin wurin sauka shi ne ƙashin bayan maganar, kuma duk wanda ya riƙe shi ba zai yi kuskuren amfani da ita ba.

Tarihin Yauri kansa yana da misalin da ya fito da wannan fili. A ƙarshen shekarar 1805 Baturen nan Mungo Park ya taso daga Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin wani jirgi da ya harhaɗa ya sa wa suna Joliba, da niyyar ya bi Kwara har inda ta ƙare. Tare da shi akwai ragowar mutanensa da kuma ɗan jagora mai suna Amadi Fatuma. Sun yi tafiya mai tsawo, haɗari ɗaya, tsoro ɗaya. Da suka iso Yauri a farkon 1806 yarjejeniyar ɗan jagoran ta ƙare, ya sauka. Park da sauran Turawan suka ci gaba, suka halaka a duwatsun ruwa na Bussa. Amadi Fatuma ya rayu, kuma daga bakinsa ne duniya ta ji labarin ƙarshen tafiyar. Tun daga ranar da ƙafarsa ta taka tudu a Yauri, rabonsa ya rabu da nasu.

Maganar ta girmi harshen Ingilishi da ake ji yau. Sisero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya yi amfani da irinta da Latin a wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Kuriyo a shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nuna masa cewa nisan da ya yi da gida bai fitar da shi daga halin da ƙasarsu ke ciki ba. A farkon ƙarni na 16 malamin nan Erasmus ya sa ta a cikin tarin karin maganar mutanen da. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka gan ta da Ingilishi shi ne fassarar da Thomas Hudson ya yi wa wata doguwar waƙar Faransanci, aka buga a Edinbara a 1584. Ba abin mamaki ba ne ta yi saiwa a can, tunda Birtaniya tsibiri ce, kuma arzikinta da yaƙoƙinta sun daɗe suna bin teku. A ƙasar Sin ma, tsohon littafin dabarun yaƙi na Sun Tzu ya kawo misalin mutanen Wu da na Yue, waɗanda ba sa ga maciji da juna, amma idan guguwa ta rutsa da su a jirgi ɗaya dole su taimaki juna.

Musulmi kuwa yana da wannan hoto tun daga makarantar zaure. A hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta al'umma da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan wuraren zama a jirgi, wasu suka sami sama, wasu ƙasa. Na ƙasan suka ga hawa sama ɗibar ruwa yana damun na saman, suka yi shawarar huda nasu ɓangaren. In aka ƙyale su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Hadisin ya wuce maganar Bature nisa, domin bai tsaya ga cewa makoma ɗaya ce ba, ya ɗora wa kowane fasinja nauyin hana ɓarna. Ita maganar Ingilishin bayanin halin da ake ciki kawai take yi, ba ta umurni da komai.

Wajen amfani da ita akwai ƙa'idoji da ɗalibi ya kamata ya kiyaye, musamman mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO, inda ake kawo jimla mai ɗauke da irin wannan magana a ce ya zaɓi ma'anar da ta dace. Kalmominta a daskare suke. Ba a musanya “boat” da sunan wani nau'in jirgi, ko da ma'anarsu ta yi kusa. Ƙaramar kalmar da ke farkonta ma tana da nauyi: “in” ake cewa idan azanci ake nufi, amma idan aka ce “on the same boat” to galibi jirgin gaske ake nufi, wato mutane biyu sun yi tafiya a jirgi guda. Idan za a ambaci wanda aka yi tarayya da shi, sai a biyo da “as” sannan sunansa. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne ba a faɗinta a kan alheri. Mutum biyu da suka sami kujerar Makka a shekara ɗaya, ko suka ci jarrabawa tare, ba a cewa a jirgi guda suke. Sai an sami wuya, ko tsoro, ko jiran abin da ba a san ƙarshensa ba. Wasu kuma sukan rikita ta da “on the same page”, wadda ke nufin baki ya zo ɗaya a kan wani ra'ayi. Masu bin bashin mutum ɗaya suna iya zama a jirgi guda alhali kowa na jin haushin ɗan'uwansa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kai mu ga abin da ya fi ruɗar masu fassara. Maganar Ingilishin ba ta cewa mutanen sun yi kama da juna. Hasali ma ta fi armashi idan sun bambanta. A dubi abin da ya faru lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968. Da tafki ya fara cika, sai da aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyukansu. A cikinsu akwai Gungawa, waɗanda suka gaji zaman tsibirai da noman albasa a bakin ruwa, akwai Kambari, akwai Lopawa, akwai mutanen tsohuwar Bussa da ruwa ya shanye aka gina musu sabuwa, akwai Sarkawa masunta. Harsunansu daban, sana'o'insu daban, sarakunansu ma daban, wasu na bin Yauri wasu na bin Borgu. Amma duk sun wayi gari gonar gado da kushewar kakanni suna ƙarƙashin ruwa, an ba su gidajen da ba su suka zana ba a wuraren da ba su suka zaɓa ba. Da wani zai rubuta tarihinsu da Ingilishi ya ce a jirgi guda suke, da ya faɗi daidai.

To, Hausa ma tana da tata maganar jirgi. Ana cewa “jirgi ɗaya ya kwaso su”, ko “ya ɗebo su”, ko “ya ɗauko su”. Saboda kalmomin sun yi kama da na Bature kamar an tsaga kara, mai fassara da ke cikin sauri yakan ɗauki wannan ya ajiye a gurbin waccan, ya ga kamar ya yi gwaninta. Alhali kuwa ma'anar ta sha bamban. Idan Bahaushe ya ce jirgi ɗaya ya kwaso wane da wane, halinsu yake nufi. Yana cewa kada a wahalar da kai wajen zaɓe tsakaninsu, domin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk kanwar ja ce. Kuma yawanci a kan aibi ake faɗinta. Uwa za ta faɗe ta a kan 'ya'yanta biyu da ba sa jin magana. Mai saye zai faɗe ta a kan dillalai biyu da suka haɗa baki. A lokacin zaɓe an fi jin ta, sa'ad da talaka ya gaji da alkawuran 'yan takara ya ce ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Nahawun maganar kansa yana nuna inda bambancin ya fito. Aikatau ɗin da ke cikinta, kwaso da ɗebo da ɗauko, duk sun ƙare da wasalin “o”, wanda a Hausa ke nuna aiki ya nufo wajen mai magana, kamar yadda “tafi” ke zama “tafo”, “kai” ke zama “kawo”. Ke nan mai maganar yana tsaye ne a bakin kwata, jirgi ya iso, yana kallon abin da aka sauke. Tafiya ta riga ta ƙare, ba sauran haɗari. Abin da ya dame shi shi ne asalin kayan: daga wuri ɗaya aka lodo su, saboda haka iri ɗaya ne. A lura kuma da cewa kwasa da ɗiba aikatau ne da aka fi yi wa kaya ko tarin abu, kamar hatsi ko yashi, shi ya sa maganar take ɗauke da ƙanshin raini. Shi kuwa Bature a cikin jirgin yake, a tsakiyar ruwa, bai san ko za a kai gaci ba. Wannan ne ya sa aka fi jin tasa da lamirin “mu”, ta Bahaushe kuma da lamirin “su” ko “ku”. Ɗaya jaje ce, ɗaya kuwa hukunci.

Gaskiya ne a 'yan shekarun nan akan ji wasu, musamman waɗanda suka saba da Ingilishi, suna cewa “jirgi ɗaya ya kwaso mu” da nufin matsalarsu ɗaya, kuma mahallin zance yakan sa a gane su. Harshe yana canzawa, ba mai iya ɗaure shi. Amma tsohuwar ma'anar tana nan da ƙarfinta a kunnen mafi yawan masu sauraro, kuma akwai wuraren da kuskuren ba ƙarami ba ne. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka tafi da ɗalibai da malamai. Iyayen yaran sun fito daga garuruwa daban daban, wasu Musulmi wasu Kirista, wasu masu hali wasu marasa shi, kuma wasunsu sai da suka yi jira har cikin 2023 kafin su ga 'ya'yansu. Jaridar Ingilishi za ta iya cewa waɗannan iyaye a jirgi guda suke, kowa ya fahimci tausayawa ce. Idan mai fassara a gidan rediyo ya mayar da ita “jirgi ɗaya ya kwaso su”, tsohuwar da ke sauraro a Ngaski ko Shanga za ta ji kamar an zagi mutanen da ke cikin baƙin ciki. Irin wannan wuri ne ake gane cewa fassara amana ce.

Hausa ba ta rasa abin da za ta faɗa a wannan gurbi ba, sai dai ba jirgi take kawowa ba. Mafi kusa ita ce “ruwan da ya dake ka shi ya dake ni”. A nan ma ruwa ne, amma na sama, wanda ke sauka a kan duk wanda ya rutsa da shi a fili. Idan ɗan kasuwa ya je wajen abokin cinikinsa neman rance bayan albasa ta faɗi, amsar da zai ji ita ce, “Wallahi Alhaji, ruwan da ya dake ka shi ya dake ni, nawa buhunan ma suna can suna ruɓewa.” Wannan ita ce maganar Bature ciki da waje: jaje, da kuma neman uzuri. Idan ana son a nuna cewa wanda ake sa ran ya taimaka shi ma a kwance yake, sai a ce haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Idan kuma gargaɗi ake so a yi wa wanda bala'in bai iso gare shi ba tukuna, akwai “abin da ya ci Doma ba ya barin Awe”, da kuma batun gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. Sau da yawa ma ba a bukatar karin magana ko kaɗan. “Matsalarmu ɗaya” ko “halin da kake ciki shi nake ciki” sun wadatar, kuma sun fi karin maganar da aka sa a inda ba wurinta ba.

Akwai wani amfani da maganar Ingilishin da ya kamata mai karatu ya sa wa ido. Tana da daɗi a bakin wanda wuya ta ci, amma takan zama abin rufe baki idan ta fito daga wanda ke sama. Ranar 27 ga Maris, 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, Fafaroma Francis ya tsaya a dandalin Saint Peter da ba kowa a cikinsa, ya kwatanta 'yan Adam da mutanen da guguwa ta rutsa da su a jirgi guda. Maganar ta ratsa mutane da yawa, shugabanni da kamfanoni suka yi ta maimaita irinta. Ba a jima ba wasu suka fara mayar da martani cewa annobar ɗaya ce, amma abin da kowa ya hau ya bambanta: mai albashi da ke aiki daga ɗakinsa ba daidai yake da mai neman na yau da hannunsa ba. Wannan suka tana da tushe. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Kowa ya ji a jikinsa, amma mai jirgin inji da ke fito tsakanin ƙauyukan tafki, wanda duk ribarsa ta rataya a kan jarkar mai, da masuncin da ya koma tuƙi da filafili, ba za a haɗa su da mai motar ofis a ce matsalarsu ɗaya ba. Kafin a karɓi maganar daga bakin kowa, a duba ko shi ma ba shi da wurin sauka. In yana da shi, maganar ba tasa ba ce.

Jirgin nan ya haifi wasu maganganun a Ingilishi, kuma su ma ba a fassara su da jirgi. “Rock the boat” na nufin tada zaune tsaye a inda ake zaman lafiya, wanda ke hana a yi haka kuwa cewa yake a bar kaza cikin gashinta. “Miss the boat” ita ce mutum ya makara har dama ta wuce shi, abin da ake cewa an bar shi a tasha.

Abu na ƙarshe shi ne sanin inda ake magana. A London ko Abuja jirgin da ke cikin wannan magana hoto ne kawai, ba wanda yake tuna ruwa idan ya faɗe ta. A gaɓar tafkin Kainji ba haka ba ne. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya nufi Wara ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce kimanin ashirin ba. Akwai gidaje a wannan yanki da har yanzu kalmar jirgi ke tuna musu da wanda ya fita bai dawo ba. Malamin Ingilishi da ke koyar da wannan magana a Wara ko Birnin Yauri ya sani cewa a cikin ajinsa ana iya samun yaron da ya rasa uwa ko wa a irin wannan tafiya, ya zaɓi misalansa da hankali. Mai fassara kuwa, duk inda ya ci karo da “in the same boat” a labarin mutanen da wuya ta haɗa, ya rubuta “ruwan da ya daki wannan shi ya daki wancan” ko “matsalarsu ɗaya”. Kada ya rubuta “jirgi ɗaya ya kwaso su” sai in halin mutanen yake son ya soka.